Tsarabar Sahabi Daga Dajin Zinari

A tashar Yamai na fara zargin Hajiya Balki. Mun sauka daga motar Gaya da hantsi, ƙafafuna sun kumbura, ta ce in zauna ƙarƙashin rumfa in jira ta. Da ta dawo, sai ga ta da wasu mata matasa a bayanta, kowace da ƙaramar jaka da gashin kanti da farce mai launi. Babu wadda ta yi kama da mai iya hura wutar icce.

Na ce, "Hajiya, waɗanga hwa?"

Ta ce, "Ma'aikata na. Gidan abincin babba na, Kulu, ke ɗai ba ki iyawa."

Ni Kulu mutuniyar Argungu ce, bandar kifi ce sana'ata tun ina gidan ubana. Mijina ya rasu, ruwa ya ci shinkafarmu ta fadama, kifi ya yi tsada har ban iya sarinsa. Hajiya Balki 'yar Nassarawa ce a Birnin Kebbi, takan sayi kifi wurina. Tana da haƙorin Makka, carbi ba ya barin hannunta, kuma ba ta buɗe baki sai da sunan Allah. Ita ta ce tana da gidan abinci a Mali, wurin masu haƙar zinari, tana neman wadda ta iya dafa shinkafa irin ta gida. Na yarda. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama.

Daga Yamai zuwa Wagadugu ban ci kome daga hannun Hajiya ba, don ita da jakar abincinta suna kujerar gaba. Wata tsohuwa Bazabarma da ke gefena ta ga ina haɗiyar miyau, ta kwance ƙullin dambu da zogale, ta raba biyu, ta turo mini rabi. Ba ta jin Hausa, ba na jin Zabarmanci. Ta nuna bakina, ta nuna dambun, ta juya ta ci nata. A wani ƙauye ta sauka, ko sunanta ban sani ba.

A Wagadugu Hajiya ta karɓe katunan shaidarmu da wayoyinmu. Ta ce 'yan sandan ƙasar nan ɓarayi ne, gara ta ajiye mana. Muna zaune kan buhunan masara muna jiran wata motar, sai ɗaya daga cikin matan ta matso kusa da ni.

"Mama, Hausar nan taki ta Kebbi ce."

"Ta Argungu ce. Ke fa?"

"Ni daga wajen Zuru nake. Sunana Ladi."

Doguwa ce, baƙa, mai yawan dariya. Ta bar ɗanta wurin uwarta, mijin ya gudu Legas bai sake waiwayo ba. An ce mata a shagon kitso za ta yi aiki. Na ce ni kuma gidan abinci aka ce mini. Muka kalli juna.

Muka wuce garin Bobo, sannan Sikasso ta Mali, sannan hanyar da ba ta da kwalta. A bayan a-kori-kura muka ƙarasa, muna riƙe da ƙarfe, har muka shiga dajin da aka sassare itatuwansa aka bar ramuka. Gari ne guda na baƙar leda da sanduna. Injin niƙa dutse yana kuka tun safe har magariba, ruwan sha sai an saya, kuma ko'ina ka duba maza ne, jikinsu ja da laka.

Gidan abincin gaskiya ne, ban ɗauke mata wannan ba. Rumfa ce da bencina da manyan tukwane. Abin da ba ta faɗa ba shi ne layin ɗakunan leda da ke bayan rumfar, kowane da katifa da labule. Da Ladi ta gane shagon kitson ke nan, ta zauna a ƙasa ta yi kuka har muryarta ta dushe. Hajiya ta tsaya a kanta tana jan carbi, ta ce, "Ga hanya nan. In kin san inda Zuru take daga nan, tashi ki tahi." Ba kati, ba waya, ba harshen garin, ga ƙattin da Hajiya ke ciyarwa don su tsare ƙofa. Ni tsufana ya cece ni. Aka ba ni muciya da ludayi.

A bakin murhu na ga mazan duniya. Akwai 'yan Mali, akwai 'yan Burkina da Gine, amma namu na gida su na fi lura da su, don ina jin abin da suke faɗa. Sun yi masallaci da zana, suna da limaminsu da ladaninsu. A sallame la'asar, su shafa addu'a, su karkaɗe goshi, su miƙo rumfarmu. Mutum ya ci shinkafata, ya yi gyatsa ya ce alhamdulillahi, ya zagaya baya. Ya fito yana gyara wando, ya zauna cikin abokansa yana cewa matan nan ƙazamai ne, su suka lalata duniya. Wani har tofar da miyau yake idan ɗaya daga cikinsu ta gifta, ita da bai daɗe da fitowa daga ɗakinta ba.

Wasu mutane sukan zo daga gari lokaci-lokaci su raba kwaroron roba. Matan suna karɓa, suna ajiyewa ƙarƙashin katifa. Mazan ne ba sa so. Wannan ya ce shi mai tsabta ne, wancan ya ce yana da laya, wani ya ce ai ya sha jiƙo. Wanda ya ƙara kuɗi a yi ba roba, Hajiya ba ta yarda a ce masa a'a.

Can ƙarshen layi akwai rumfar Dokta. Ɗan Nijeriya ne, kuma iyakar karatunsa daro ɗaya cike da kafso ja da rawaya da rana ta gama gasawa. Duk lokacin da wani rami ya ba da zinari, sai sabbin babura su cika gari, Hajiya ta tafi ta dawo da sabbin mata, bayan 'yan makonni kuma layin Dokta ya kai har bakin rijiya. Ka ga ƙato mai fasa dutse yana tafiya ƙafa a buɗe kamar wanda aka yi wa kaciya jiya. Idan ya zaga bayan leda fitsari, kana jin nishinsa daga murhu. Dokta ya ba shi kafso ya haɗiya, zafin ya lafa, ya ce ya warke, ya dawo bayan rumfarmu. Da sallah ta matso kuma su ɗaure kaya, su sayi atamfa da turare, su tafi gida wurin matansu.

Wata ranar Juma'a ina zuba miya, wani ya miƙo kwano ya ce, "Inna, a sa min kai na kihin." Na ɗaga ido. Sahabi ne, mijin Nana, ɗiyar yayana Garba. Ɗan Ambursa ne, ni na dafa shinkafar bikinsu. Duk dangi sun san yana Kumasi yana sayar da albasa.

Shi ma ya gane ni.

"Gwaggo? Mi kika yi nan?"

"Abin da kag gani. Kai hwa? Nan ta Kumasi?"

Ya waiga hagu da dama, ya durƙusa kamar mai gaisuwa, ya rage murya. "Kasuwar albasa ta hwaɗi, shi as sa niz zaka nan. Ban so Nana ta damu. Abinci kawai nika ci nan wurin, Gwaggo, walle."

Yana cikin rantsuwar sai Ladi ta fito ɗibar ruwa, ta gan shi, ta ce, "Sahabi, yau da wuri haka?"

Bai ci shinkafar ba. Kafin wata ya ƙare na ji ya sayar da rabonsa na ramin ya koma gida.

Ladi takan zo bakin murhu da safe ta taya ni yankan albasa, mu yi ta hirar gida. Ni in ba ta labarin gulbi idan ya cika, da ƙanshin sabuwar shinkafa a turmi, ita ta ba ni labarin ɗanta da yadda yake kiran kaza. Sannu a hankali dariyar ta ragu. Ta fara riƙe mara, tana tafiya a duƙe, zazzaɓi yana zuwa yana komawa. Ta sha kafson Dokta har ta gaji. Na ce wa Hajiya a bar ta ta huta.

Hajiya ta ce, "Hutu a kabari aka yin shi, Kulu. Ki kula da tukunyarki."

Akwai wata mai sayar mana da ruwa, Fanta, 'yar ƙasar, gajeruwa mai ƙarfi. Mijinta Madu yana da babur mai ƙafa uku da yake jigilar jarkoki, kuma ya taɓa zama Maraɗi, yana jin Hausa kaɗan-kaɗan. Ranar da Ladi ta kasa tashi, Fanta ta leƙa ɗakin, ta fito, ta yi wa ƙattin ƙofa wani faɗa da harshensu wanda ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na ga sun matsa. Muka sauke jarkoki, muka shimfiɗa Ladi, Madu ya ja mu zuwa ƙaramin asibitin gari.

Nas ɗin mace ce mai furfura. Ta duba Ladi, ta ɗebi jini, ta sa mata ruwa, sannan ta yi magana, Madu yana mayar mini. Ta ce ciwon sanyi ne da ba a yi masa magani na gaskiya ba, ya hau ya yi ƙurji a cikin mara, an zo da ita a makare. Ta ce akwai kuma tunjere a jininta. Ta ce kullum ana kawo mata matan dajin nan, mazan kuwa ba ta ganinsu, sai su kwashi ciwon su kai gida. Shi tunjere yakan ɓuya a jiki mutum yana yawo lafiya lau, amma idan ya shiga mai ciki, sau da yawa ɗan ba ya fitowa da rai.

Sai na tuna gida. Kafin in baro Argungu Nana ta haifi ɗa namiji ba rai, fatarsa tana saluɓewa. Uwar Sahabi ta ce iskokin fadama ne.

Da Ladi ta farfaɗo kaɗan na tambaye ta game da Sahabi.

Ta ce, "Mama, shi ba ya yarda da roba ko kaɗan. Na ga tabo a tafin hannunsa da ƙafarsa, ya ce maganin wanke zinari ne. Ya ce mini ya daɗe yana zuwa dajin nan, tun kafin ya yi aure." Ta huta, ta ce, "In kin koma, ki gaya wa matarsa. Ita ba ta yi kome ba."

"Ke ma ba ki yi kome ba," na ce.

Ba ta kai mako ba. Madu ya koma daji ya faɗa, ko za a sami masu taya haƙa kabari. Gari guda na mahaƙa, mutanen da ke shiga rami mai zurfin rijiya goma saboda ƙwayar zinari, waɗanda suka yi layi a ƙofarta, ba a sami ɗaya da ya ɗauki diga ba. Limaminsu ya ce ai ba musulma ba ce. Waɗanda ba musulmi ba suka ce suna da aiki. Madu da ƙaninsa suka haƙa, ni da Fanta muka yi mata wanka muka naɗe ta da zanena.

Daga maƙabarta na wuce wurin Hajiya. Tana zaune tana cin gasasshiyar kaza. Na ce ta ba ni katina, in ba haka ba in tsaya tsakiyar rumfa in faɗi sunan unguwarta da na mijinta da na masallacin da take kai sadaka a Birnin Kebbi, kowane ɗan gida ya ji ya kai labari. Ta jefo mini katin a ƙasa. Ladan aikina kuwa ta ce na ci na sha.

Madu ya kai ni Sikasso, ya haɗa ni da wani dattijo direban motar goro mai zuwa Gaya. Ya ba ni wuri a kan buhuna, kuma duk inda ya tsaya cin abinci sai ya aiko mini da nawa. Da na hango gulbi a Gaya na yi kuka, wanda ban yi ba ko a kabarin Ladi.

Na tarar Sahabi ya zama mutum. Sabon babur, sabon rufin kwano, ana ce masa Alhajin Kumasi. Nana kuma tana da ciki, ya fara fitowa. Na je Ambursa na ce wa uwar mijinta, Inna Hajo, zan kai ta awon ciki Birnin Kebbi.

Ta ce, "Mi za a auna? Mun amso rubutu, mun yi hayaƙi. Wanga karon iskoki ba su samun ta."

Na ce to, a yi duka biyun. Na sa Nana a mota.

Aka ɗebi jininta. Nas ta kira mu ciki, ta rufe ƙofa, ta faɗi sunan da na riga na sani. Ta ce an zo da sauran lokaci, allura za ta iya tsirar da ita da abin da ke cikinta. Amma sai mijin ya zo shi ma an yi masa, in ba haka ba zai sake sa mata, a koma gidan jiya. Nana ta dube ni.

"Gwaggo, ina nis samo wanga abu? Ni ko kasuwa ban zuwa."

"Tsaraba ta, ɗiyata. Kawo miki anka yi."

Aka yi mata ta farko a ranar. Ban mayar da ita Ambursa ba, na wuce da ita gidan ubanta a Argungu, na faɗa wa Yaya Garba ciwon da abin da nas ta ce. Inda na ga Sahabi ban faɗa ba tukuna. Na so in ba shi dama ya je asibiti da mutuncinsa.

Washegari ya zo da baffansa da uwarsa. Aka zauna zaure, aka kira ni. Sahabi ya sha shadda, ya ajiye makullin babur a gabansa inda kowa zai gani. Ya ce shi lafiyarsa lau, ba ya zuwa wani asibiti a tozarta shi. Inna Hajo ta ce in ma akwai ciwo, to mata a bayan gida suke ɗaukarsa, kowa ya san haka. Yaya Garba ya ce shi dai abin da likita ya ce yake so a yi.

Sai Sahabi ya nuna ni da yatsa. "Baba, wagga matar ita ka haɗa wanga abu duka. Ku tambaye ta wane irin gida taz zamna a Mali. Gidan karuwai na. Ɗakunan leda a bayan rumfa, ita ka dahwa musu abinci. Ita za ta koya muna tsabta?"

Yaya Garba ya juyo gare ni, fuskarsa ta canza.

Na ce, "Gaskiya yaf faɗi, Yaya. Yaudarata anka yi, kuma nan niz zamna, nan nid dahwa abinci, ban ɓoye ba. Ɗakunan leda na, a bayan rumfa suke, bai yi kuskure ko ɗaya ba." Na juya wurin baffansa. "Sai dai ku tambaye shi, shi da ke Kumasi yana saida albasa, ƙaƙa anka yi yas san ɗakunan?"

Baffan ya daɗe yana kallonsa. Sahabi ya ɗauki makullin babur ya sake ajiyewa. Inna Hajo ta ja mayafi ta rufe fuska. Sannan na faɗi sauran, har da sunan Ladi, don ina so a ambace ta ko sau ɗaya a gaban mutane.

Baffan ne ya yanke magana. Ya ce Nana ta zauna gidan ubanta har ta haihu, shi kuma da kansa zai kai Sahabi asibiti. Haka aka yi. Wanda ya gan su ya ce Alhajin Kumasi ya naɗe fuska da rawani har ido, a tsakiyar zafin bazara.

Ni ce dai na biya kuɗin gaskiyar. Labari ya zaga Argungu cewa Kulu ta yi zaman bariki a Mali. Wasu matan suka daina sayen kifina. Mazan da na sani a daji, waɗanda suka dawo suka zama masu sahun gaba, idan sun hango ni a kasuwa sai su tuna suna da uzuri a wani layin. Ba wanda ya daina gaishe su.

Nana ta haifi mace. Ranar suna Sahabi ya yanka rago mai ƙaho kamar na sa, maroƙi yana ta zuba masa kirari, ɗan asali, ɗan mutunci, mai tsoron Allah, wanda ya je nema ya dawo da albarka. Ni aka bar ni can baya wurin wanke tukwane, inda baƙi ba za su gan ni ba. Da rana ta yi sanyi Nana ta aika a kira ni ɗaki, ta miƙo mini jaririyar. Na buɗe tafin hannunta, na duba ƙafafunta da hancinta, kamar yadda nas ta ce a riƙa dubawa. Fes take, tana ta barcinta.

Aka kawo mini kwanon naman ragon. Na ce a kai wa maroƙin, shi ya yi aikinsa. Na mayar wa Nana ɗiyarta, na sa takalmina, na tafi tasha in kama motar Argungu.